Ƙuri'a Dubu Bakwai da Kwangilar Shekara 65: Labarin Newfoundland

Wannan makon za mu yi nisan zango. Za mu tsallaka Tekun Atilantika zuwa wani tsibiri mai sanyi da hazo a gabashin Kanada, wanda ake kira Newfoundland. Yau lardi ne cikin larduna goma na Kanada, amma har zuwa daren 31 ga Maris, 1949, ƙasa ce daban a ƙarƙashin Birtaniya, tana da kuɗinta da kan sarkinta da dokokinta.

Har gobe mutanen wurin suna gardama kan ko shiga Kanada riba ce ko faɗuwa. Mu dai da muka bi labarin, abin da muka gani shi ne talaka ya sami abin da aka yi masa alkawari ranar ƙuri'a. Asarar ta zo ne daga baya, wajen arzikin ƙasa, kuma kusan kowane karo dalilin guda ne: dukiyar tasu ce, amma hanyar fitar da ita tana hannun wani.

Tun 1497, da matuƙin jirgin ruwa John Cabot ya iso yankin da sunan Sarkin Ingila, abu ɗaya ke kawo Turawa nan, wato kifin da suke kira kod. Wanda ya san busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigowa da shi daga Norway, wanda ake ce wa okporoko a kasuwa, to shi ne. Su mutanen Newfoundland gishiri suke zuba masa, su shanya, a kai Portugal da Sifen da Italiya da Brazil da tsibiran Karibiyan. Saboda su ne sana'ar, jama'a suka warwatsu a ƙananan ƙauyuka sama da dubu a bakin teku, yawancinsu ba hanyar zuwa sai ta ruwa. Attajiri zai ba masunci bashin gari da gishiri da taru a farkon lokacin su, in an tashi ya karɓi kifin a farashin da shi ya yanke. Akwai iyalan da shekara za ta zagayo ba su riƙe tsabar kuɗi ba.

Duk da haka mutane ne masu ji da kansu. Sun sami gwamnatinsu ta zaɓe tun 1855. A zaɓen 1869 sun ƙi shiga tarayyar Kanada. Banda tsibirin kuma suna da wani makeken yanki a kan doron nahiyar, mai suna Labrador, wanda ya ninka tsibirin fiye da sau biyu, yana iyaka da lardin Quebec na Kanada inda ake magana da Faransanci. An daɗe ana jayayya kan iyakar, sai a 1927 kotun ƙoli ta daular Birtaniya da ke Landan ta ba Newfoundland gaskiya. Quebec ba ta taɓa yarda da wannan hukunci a zuci ba. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Bashi ne ya kayar da ƙasar. Sun ci bashi sun shimfiɗa layin dogo, sun ƙara cin wani sun tura runduna Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ranar 1 ga Yuli, 1916, a wani wuri da ake kira Beaumont-Hamel a Faransa, sojojinsu kimanin 800 suka shiga fagen daga, washegari 68 kaɗai suka amsa kiran suna. Da kasuwannin duniya suka karye bayan 1929, farashin kifi ya faɗi warwas, bashin ya doshi dala miliyan 100, kuɗin ruwa kaɗai yana cinye fiye da rabin abin da gwamnati ke samu. Tallafin da ake ba wanda ya rasa abinci bai wuce na senti shida a rana ba. A watan Afrilun 1932 jama'a suka far wa ginin majalisa a St. John's, babban birnin, Firayim Minista Richard Squires ya sha da ƙyar. Abin da ya biyo baya ba kasafai ake ganinsa a tarihi ba: majalisar da kanta ta amince a rufe ta. Daga Fabrairun 1934 wasu mutum shida da Landan ta naɗa, uku Turawan Birtaniya uku 'yan ƙasa, tare da gwamna, suka riƙa mulki. Shekara goma sha biyar ba zaɓen gwamnati.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo musu da abin da siyasa ta kasa kawowa. Tsibirin shi ne mafi kusa da Turai a wannan ɓangaren, don haka Amurka da Kanada suka cika shi da sansanonin soja, a Gander da Argentia da Stephenville, da kuma Goose Bay a Labrador. Dubban masunta suka ajiye taru suka kama aikin albashi. Kafin a ce me, ƙasar da ta kasa biyan kuɗin ruwa ta tara rarar kusan dala miliyan 40. Sai tambaya ta taso: yanzu kuma sai ina?

A 1946 aka zaɓi wakilai 45 don su ba Landan shawara kan irin mulkin da za a bi. A cikinsu akwai wani ɗan gajeren mutum mai tabarau, Joseph Smallwood, wanda kowa ke kira Joey. Wanda ke neman tauraron labari ya dube shi da kyau. An haife shi a 1900 a gidan talakawa, ya yi aikin jarida, ya yi fafutukar ƙungiyar ƙwadago, ya yi shekaru yana wani shiri a rediyo da ya sa kowane ƙauye ya san muryarsa, daga nan ya koma kiwon aladu a Gander. Da yake ana saka muhawarar wakilan a rediyo da daddare, sai ya gane cewa masu sauraronsa na gaske suna can ƙauyuka. Ya riƙa magana da su kai tsaye: in aka shiga Kanada, kowace uwa za ta riƙa karɓar dala biyar zuwa takwas duk wata a kan kowane yaro, tsofaffi su sami fansho mai tsoka, kayan masarufi su yi sauƙi. Ga matar da ke da 'ya'ya takwas, wadda mijinta ke cikin bashin attajiri tun kafin a ɗaura musu aure, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wakilan sun ƙi. Da ƙuri'a 29 a kan 16 suka ce kada a sa zaɓin shiga Kanada a takardar ƙuri'ar raba gardama. Smallwood ya tara sunayen mutum kusan dubu hamsin ya aika, Landan kuwa, wadda yaƙi ya bari cikin talauci kuma take son ta sauke nauyin, ta sa zaɓin duk da ƙin wakilan. Daga nan zargin cewa an ƙulla abin tun farko tsakanin Landan da Ottawa ya samo asali, kuma bai mutu ba har yau.

An yi zagayen farko ranar 3 ga Yuni, 1948. Masu son komawa mulkin kai suka sami kashi 44.6 cikin ɗari, masu son Kanada 41.1, masu son a ci gaba da mulkin naɗaɗɗu 14.3. Tunda ba wanda ya haura rabi, aka sake ranar 22 ga Yuli. Makonnin da ke tsakani sun yi muni, har addini ya shigo, domin babban limamin Katolika na St. John's yana adawa da shiga Kanada, wasu ƙungiyoyin Furotesta kuma suka yi amfani da hakan wajen tunzura mabiyansu. Sakamako: Kanada 78,323, mulkin kai 71,334. Tazarar ba ta cika dubu bakwai ba. Birnin St. John's da kewayensa, inda attajirai suke, suka ce a'a. Ƙauyukan nesa suka ce e.

Aka sa hannu kan sharuɗɗan haɗewa a Disambar 1948. Ɗaya daga cikin wakilan Newfoundland, ɗan kasuwa Chesley Crosbie, ya ƙi sa hannu, ya ce tanadin kuɗin bai isa ba. Sharuɗɗan sun shiga har ƙananan abubuwa, an ma rubuta cewa za a ci gaba da yin man majarin a tsibirin ko da yake Kanada ta daɗe da haramta shi. Amma ba a ambaci 'yan asalin ƙasar ba, wato Innu da Inuit na Labrador da Mi'kmaq na tsibirin, ko da kalma ɗaya. Kuma ikon kula da kifin teku ya koma hannun gwamnatin tarayya a Ottawa.

Mu faɗi gaskiya, alkawarin Smallwood ya cika. Takardun kuɗin yara suka fara isowa. Kanada ta ɗauki mafi yawan bashin. Aka gina asibitoci da makarantu, tarin fuka da ke cin mutane ya ja baya, kwalejin St. John's ta zama Jami'ar Memorial a 1949, titin da ya ratsa tsibirin ya kammala a 1965. Duk wanda zai rubuta wannan labari ya tsallake wannan ɓangare, ya zalunci mutum dubu saba'in da takwas ɗin nan, domin ba wawaye ba ne, sun san abin da suka zaɓa.

Sai dai shigar ta zo da wani tsoro. Yanzu ba fasfo, ba shinge. Duk matashin da ya ga dama zai iya hawa jirgi ya tafi Toronto neman aiki. Smallwood, wanda ya zama firimiyan lardin daga 1949 har 1972, ya tsorata kada tsibirin ya zama kufai. Ya ƙudurta cewa ko a samar da masana'antu cikin gaggawa ko a hallaka. Wannan gaggawa ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya, domin masu kuɗi suna gane mai gaggawa tun daga bakin ƙofa.

A 1950 ya ɗauko wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Latvia, Alfred Valdmanis, ya ba shi wuƙa da nama. Suka riƙa zarya zuwa Jamus suna janyo 'yan kasuwa da rancen gwamnati. Aka kafa masana'antar siminti, da ta takalman roba, da ta jima, da ta safar hannu, da ta batir, har da ta cakulan. Tsibiri ne mai mutum kimanin dubu ɗari uku da sittin, nesa da kasuwa, kuma kusan duk kayan aikin sai an shigo da su. Yawancin masana'antun suka mutu cikin 'yan shekaru, rarar da aka tara lokacin yaƙi ta bi ruwa. A 1954 aka kama Valdmanis kan karɓar na goro daga kamfanonin Jamus, aka ɗaure shi shekara huɗu. Bai zama na ƙarshe ba. Daga baya an gina matatar mai a wani gari mai suna Come By Chance, ta buɗe a 1973, ta karye a 1976 da bashin da a lokacin yana cikin mafi girma a tarihin Kanada.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta ga ba za ta iya kai likita da malami da wuta ƙauyuka dubu ba, sai ta fara biyan mutane su tashi. Da farko dala 150 ake ba iyali, kuma sai kowa a ƙauyen ya yarda. Daga 1965, da Ottawa ta shigo, kuɗin ya kai dala dubu ɗaya kan kowane gida da ɗari biyu kan kowane mutum, aka kuma rage sharaɗin zuwa kashi 90, daga baya 80 cikin ɗari. Ku duba yadda wannan zai raba maƙwabci da maƙwabci: tsoho ɗaya ya ce ba zai bar kabarin matarsa ba, sauran ƙauye su ga shi ya tsaya tsakaninsu da kuɗi. Daga 1954 zuwa 1975 ƙauyuka kusan 300 suka tashi, mutum kusan dubu talatin. Da yake gidajen katako ne, wasu sukan ɗaura wa gidan ganguna su ja shi a kan teku da kwalekwale. Da yawa sun isa sabon garin sun tarar ba aikin da aka ce, wuraren su masu kyau kuma duk da masu su.

Yanzu mu koma Labrador, inda babban arzikin yake. Yaƙi ya cinye mafi kyawun taman da Amurka ke haƙowa a jihar Minnesota, kamfanonin ƙarfe suna neman sabon wuri, ga kuma tama jibge a kan iyakar Labrador da Quebec. A 1949 aka kafa kamfanin Iron Ore Company of Canada, mafi yawan jarinsa na Amurkawa. Suka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita kusan 575 cikin daji da duwatsu, aka fara fitar da tama a 1954. Sabbin garuruwa suka tsiro, Labrador City da Wabush, albashi mai kyau. Amma a duba taswira a ga inda layin ya nufa: kudu ya yi, zuwa tashar jiragen ruwa ta Sept-Îles a Quebec. Can ake lodi, can tashar ta bunƙasa, daga can taman ke wucewa masana'antun ƙarfe na Amurka da Ontario. Babu layin da ya nufi gaɓar Labrador.

Wannan duk somin taɓi ne a kan labarin wutar lantarki, kuma nan muke so mu ɗan zauna.

A tsakiyar Labrador akwai wani kogi mai magangarar ruwa da tsayinta ya kai mita 75, ta fi ta Niagara tsayi. A 1952 Smallwood ya je Landan ya gana da Winston Churchill da gidan bankin Rothschild, a shekarar da ta biyo aka kafa kamfanin BRINCO, aka ba shi haƙƙin ma'adinai da ruwa a makeken yanki. A 1961 reshen kamfanin ya sami hayar kogin ta shekara 99. Bayan rasuwar Churchill a 1965 aka sa wa kogin da magangarar sunansa.

Aikin da aka yi wurin abin mamaki ne. Ba madatsa ɗaya aka gina ba, shingaye 88 aka yi, tsawonsu gaba ɗaya kilomita 64, suka tare ruwa ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 6,500. Aka sassaƙa ɗakin injuna cikin dutse, kimanin mita 300 a ƙarƙashin ƙasa, aka sa injuna goma sha ɗaya masu ba da megawat 5,428. Don mu gane girman, Kainji da muka sani megawat 760 aka girka mata, ke nan wannan ta ninka ta sau bakwai. Tafkin, wanda aka sa wa sunan Smallwood, ya haɗiye wuraren farauta da maƙabartun mutanen Innu. Ba wanda ya tambaye su. Wasu sun dawo daji sun tarar kwalekwalensu da tarkunansu suna ƙarƙashin ruwa.

To, wa za a sayar wa wutar? Labrador ba mutane. Masu saye suna Montreal da Ontario da New York, kuma duk hanyar tudu da za a bi sai ta ratsa Quebec. Quebec ta ce turakun wani ba za su bi ta ƙasarta ba. Sai dai a sayar wa kamfaninta, Hydro-Québec, a bakin iyaka, shi kuma ya sayar wa wanda ya ga dama. Ga tsohon ciwon 1927, ga kuma sabon kishin da ya sa Quebec ta mayar da kamfanonin wuta mallakar gwamnati a farkon shekarun 1960. Bututun mai da na gas suna ratsa larduna a Kanada bisa ikon tarayya, amma Ottawa ba ta yi wa wutar Labrador haka ba. A lokacin masu neman ɓallewar Quebec suna ƙara ƙarfi, kuma ba wata gwamnatin tarayya da za ta taɓo lardi mai kujeru 75 a majalisa saboda lardi mai kujeru bakwai. Smallwood ya sa aka duba yiwuwar bi ta ƙarƙashin teku, aka ga tsadar ta yi yawa.

Sai kamfanin ya yi abin da ya ƙarasa ɗaure shi: ya fara gini a kan takardar niyya ta 1966, kafin a kammala ciniki. Zuwa 1968 kuɗinsa ya kusa ƙarewa, ma'aikata na daji, masu ba da rance sun ce sai sun ga kwangila da mai saye. Mai saye kuma ɗaya ne tak. A wannan hali aka sa hannu ranar 12 ga Mayu, 1969. Hydro-Québec zai sayi kusan duk wutar na shekara 40 daga 1976, a kan abin da bai kai kashi uku cikin goma na senti ɗaya ba kowane kilowat na awa guda. Farashin kuma raguwa zai riƙa yi, ba ƙaruwa ba. In shekara 40 ta cika, kwangilar za ta sabunta kanta na wasu shekaru 25 a kan kashi biyu cikin goma na senti, har 2041. Babu sakin layi ko ɗaya da ya ce in tsadar rayuwa ta tashi a sake duba farashi.

Shekara huɗu bayan haka, a 1973, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a duniya, wutar lantarki ta bi shi. Quebec ta riƙa sayen wutar Labrador a farashin 1969 tana sayarwa a farashin ranar. Zuwa 2019 an ƙiyasta cewa Hydro-Québec ya ci ribar kusan dala biliyan 28 daga wannan tasha, Newfoundland kuwa kusan biliyan biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma kada mu yi saurin mayar da Quebec mugun labari, domin tana da hujjarta. Ita ta ɗauki kasadar: ta yi alkawarin biya ko ta yi amfani da wutar ko ba ta yi ba, ta tsaya wa kamfanin in kuɗin gini ya zarce, kuma da wannan lamunin nata aka samo rancen aikin da ya ci kusan dala biliyan ɗaya. A 1969 mai yana da arha, mutane da yawa ma suna zaton makamashin nukiliya zai sa wuta ta ƙara arha. Kotu ta karɓi wannan hujja. Newfoundland ta sayi hannun jarin BRINCO a 1974, ta yi dokar ƙwace haƙƙin ruwan, Kotun Ƙolin Kanada ta soke dokar a 1984. Aka sake komawa, aka sake faɗuwa a 1988. A 2018 alƙalai bakwai cikin takwas suka ce kwangila kwangila ce, ba a tilasta wa wanda ciniki ya yi wa daɗi ya sake shi. Mu a ganinmu ba a 1969 aka ci su ba. An ci su tun ranar da ta tabbata cewa mai saye ɗaya ne kuma tarayyar da suka shiga ba za ta buɗe musu hanya ba. Abin da ya rage bayan nan rubutu ne kawai.

Kifin fa, wanda shi ya tara mutanen tun farko? A 1954 jirgin Birtaniya mai suna Fairtry ya bayyana a tekun, jirgi ne da ke jan taru, ya gyara kifin, ya daskarar da shi duk a cikinsa, ya yi makonni bai ga tudu ba. Tarayyar Sobiyet da Jamus da Sifen da Portugal da wasu suka biyo da nasu. A 1968 kaɗai an kama tan 810,000 na kod ɗin arewa, ninki uku ko fiye na abin da aka saba. Sai a 1977 Kanada ta faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 200 ta kori baƙi, amma maimakon a bar kifin ya huta, sai aka cike gurbin da manyan jiragen gida. Masuntan bakin gaɓa sun yi ta kuka tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifin yana ƙanƙancewa, yana raguwa. Lissafin ma'aikatar Ottawa ya ce akwai shi da yawa. Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kifi na tarayya ya sanar da hana kamun kod ɗin arewa. Sunan ministan John Crosbie, ɗan Chesley Crosbie ɗin nan da ya ƙi sa hannu a 1948. Mutum kusan dubu talatin suka rasa sana'a. An ce hanin na shekara biyu ne, bai tashi ba sai 2024, shi ma a kan ɗan ƙaramin kaso. Yawan jama'ar lardin ya faɗo daga kimanin dubu 568 a 1991 zuwa dubu 513 a 2001.

A nan ne masu adawa da haɗewa ke kawo misalin Iceland. Ita ma tsibiri ce mai dogaro da kod, mutanenta ma ba su kai na Newfoundland ba. Ta zama jamhuriya a 1944, ta yi fito-na-fito da jiragen yaƙin Birtaniya sau uku tsakanin 1958 da 1976 a kan iyakar ruwa, ta kuma yi nasara, domin a wurinta kifi shi ne komai. A wurin Ottawa kuwa ɗan ƙaramin sashe ne na tattalin arziki. Hujja ce mai ƙarfi, ko da yake masu ita sukan manta cewa gwamnatocin St. John's da kansu sun riƙa raba lasisin masana'antun kifi fiye da abin da tekun zai iya ciyarwa.

Man fetur ne kawai ya ɗan bambanta. An gano rijiyar Hibernia a teku a 1979. Kotun Ƙoli ta ce a 1984 man na tarayya ne, amma wannan karon lardin ya jajirce a siyasance har aka yi yarjejeniyar 1985 da ta ba shi kuɗin shiga kamar a tudu man yake. Kuma mai daga teku jirgin dako ke ɗauka, ba ya bi ta gonar kowa. An fara haƙowa a 1997, zuwa 2008 lardin ya daina karɓar tallafin da tarayya ke ba larduna marasa ƙarfi, karo na farko tun shigarsa. An biya da rayuka: a Fabrairun 1982 dandamalin haƙar mai na Ocean Ranger ya nutse da mutum 84.

Da kuɗi suka samu, sai suka koma kan tsohon ciwo. A 2012 aka amince da gina wata tashar a ƙasan kogin Churchill, a Muskrat Falls, da layin da zai bi ta ƙarƙashin teku zuwa tsibirin, ya zarce Nova Scotia, don kawai a kauce wa Quebec. Tashar megawat 824 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na ta farko ba. An ce za ta ci dala biliyan bakwai da ɗoriya, ta ci sama da biliyan 13, a lardin da mutanensa ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. An gudu ba a tsira ba. Sai da Ottawa ta shigo da tallafi don kada kuɗin wuta ya ninka wa jama'a.

Mutanen Innu sun jira har 2011 kafin a tabbatar da yarjejeniyar da ta ba su diyyar ƙasarsu da ruwa ya ci, shekara arba'in bayan cika tafkin. A Disambar 2024 kuma firimiyoyin lardunan biyu, Andrew Furey da François Legault, suka sa hannu a St. John's kan takardar fahimtar juna, ba kammalalliyar kwangila ba, wadda za ta ɗaga farashin wutar ninki kusan talatin tun kafin 2041, a kuma gina sabuwar tasha a Gull Island. Quebec ce ke buƙatar wutar yanzu, kuma wa'adin tsohuwar kwangilar ya matso. A cikin sabuwar takardar ma, babban mai sayen Hydro-Québec ne, turakun kuma ta Quebec za su bi.